A Jinin Wa?

"Hau mana! Sai ka ce an ce ki hau rimi."

Mairama ta tura 'yarta Ummi kan sikelin asibiti. Allurar ta yi rawa, ta wuce inda ta tsaya wancan watan, ta yi zamanta. Nas ɗin, wata mai suna Sandra, ta ja tsaki.

"Madam, ɗura kike yi mata? Yarinya 'yar shekara tara tana haki kamar tsohuwa!"

Ɗura? Wallahi ba don asibiti ba ne da Mairama ta wanke ta tas. Tun bayan ƙaramar Sallah ta hana koko da ƙosai, ta hana kuɗin tara, tuwo ma rabin malmala take gutsura mata. Har tiren da yaran gidan hayarsu suke haɗuwa a kai da yamma, kowace uwa ta zuba abin da ta dafa, ta cire Ummi daga ciki. Amma kullum yarinya ƙara cika take yi, tela ya gaji da buɗe mata rigar makaranta.

Likita Akinola dai bai yi faɗa ba. Ya saurari ƙirjin Ummi, ya duba wuyanta, ya ce, "Wani lokaci ba abinci kaɗai ba ne, Hajiya. A jini yake, kowane dangi da nasa. Ma'aunin da muke aiki da shi ma yaran Turawa aka auna aka yi shi. Namu yaran, Bahaushe ne, Bayarabe ne, Bagwari ne, ba a bincika sosai ba tukuna."

"A jinin wa, likita? Dube ni fa. Mu Fulani ne, kaf danginmu babu mai tumbi. Ubanta kuwa sillen kara ne, iska ma tana iya ɗaukarsa a tashar Abuja."

"To, a rage maiƙo da zaƙi, ta riƙa motsa jiki. Amma kada a bar ta da yunwa."

Shi ke nan? Babu allura, babu ko ƙwaya ɗaya? Ta fito ranta a ɓace. Ga wahalar mai, babu motar haya, sai da suka taka har Kurmin Sarki, Ummi tana biye da ita tana gumi. Duk tsawon hanyar abu ɗaya Mairama take juyawa: ruwa ba ya tsami banza. Wani ne yake ciyar da yarinyar nan a bayan idonta, kuma ta san ko wane ne.

A zaure ta tarar da ita, Olufunke, maƙwabciyarta, tana tsame fanke daga mai. Shekara da shekaru suna aron gishiri da ashana, ranar haihuwar Ummi ma ita ce ta riƙe ta har asibiti. Mairama ko sallama ba ta yi ba.

"Maman Segun, ki ji tsoron Allah! Ina hana yarinya, ke kina cusa mata fanke. So kike ki kashe min ita?"

Olufunke ta ajiye matsami. "Ni? Haba, Maman Ummi!"

"Ke fa! Ku dai ƙiba ce adonku, mu ba haka muke ba."

"Mu? To ga Segun nan, ɗan Yarbawa gaba da baya. Ci yake kamar gara, ki ƙirga haƙarƙarinsa!" Ta nuna Ummi. "Na ba ta, ban musa ba. Ta ƙi karɓa. Ta ce Mama ta hana. Can gefe take zama tana kallon yara suna ci, tana haɗiyar yawu, ni ce nake juya baya don kada in yi kuka. Jiya jiri ya ɗebe ta a bakin rijiya, ni na tare ta. Ta roƙe ni kada in gaya miki."

Mairama ta waiwaya. Ummi tana tsaye jikin bango, kanta a ƙasa, ba ta musa ba.

"Kai, wannan hayaniya har bakin titi!"

Iya Sailuba ce ta fito daga cikin gida tana dogara sanda, ƙanwar mahaifiyar Bamalli, mijin Mairama. Daga Tafa ta zo da daddawarta kamar yadda ta saba, tun hantsi take zaune tana jiransu. Da ta ji kan zancen sai ta kama dariya, har da riƙe ciki.

"Yo ke Mairama, da wa kike kokawa? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kun sa wa yarinya sunan Yaya Halimatu, kuna ce mata Ummi don kunya, kuna tsammani sunan kaɗai za ta ɗauko?"

"Iya, ai ban san marigayiya ba. Shi kansa yana ƙarami ta rasu, ko hotonta babu."

Tsohuwar ta zare munduwar azurfar da ke hannunta, wadda kullum take naɗe da tsumma. Mairama ta sha ganinta, ba ta taɓa tambayar dalilin tsumman ba. Iya ta warware shi, ta zura wa Mairama munduwar. Ta wuce wuyan hannu, ta wuce gwiwar hannu, sai da ta kai damtse sannan ta tsaya, kuma da sauran wuri.

"Tata ce. A wuyan hannu take sa ta, har tana matse ta. Ni uwarmu na biyo, ita kuwa dangin ubanmu, mutanen Bida. Ba ta da ci, wallahi, loma uku ta ƙoshi. Tubarkalla, in ta zauna a tabarma sai ta cika ta."

"Me ya kashe ta, Iya?"

Dariyar ta ɗauke. "Ciwon suga, in ji su. Ƙafa ta ruɓe. Ko arba'in ba ta cika ba, Allah ya jiƙanta."

Mairama ta ji haushin da ta wuni tana ɗauke da shi ya rasa wanda zai sauka a kansa. Ba Olufunke ba ce, ba Ummi ba ce, ba ita ba ce. In ta ba yarinya abinci tana tsoro, in ta hana ta faɗa rijiya. Wa za ta kama da faɗa, kabari?

Da la'asar yara suka shimfiɗa tirensu a tsakar gida. Mairama ta ɗauko kwanon tuwo da miyar kuka, ta tsaya a ƙofar Olufunke.

"Maman Segun, ki yafe min. Bakina ne ya riga hankalina."

Olufunke ta tura mata kujera da ƙafa. Mairama ta zauna, ta juye tuwon a tiren, ta yafito Ummi. Yarinyar ta matso a hankali, ta wanke hannu, ta miƙa shi. Sai ta tsayar da shi a kan tiren, ta ɗago tana duban fuskar uwarta.

"Mama, in ci?"

Mairama ta yanko loma, ta dangwalo miya, ta sa mata a hannu.