Maganin Umaima a Kabad

Murjanatu tana tsince albasa a tsakar gida sai ta hango hayaƙi ya turnuƙe saman makarantar ƙauyensu. Ta figi mayafi ta fita, ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

Ɗiyarta Umaima, 'yar shekara bakwai, tana da asma. Wata uku da suka wuce ma'aikatan lafiya suka zo suka koya wa yara irinta yadda za su kula da kansu, har suka ba ta maganin shaƙa. Hedimasta Bature ya karɓe ya kulle a kabad, wai yara ɓarna gare su, gara baƙin su tarar da shi sabo fil ranar da za su dawo duba ko karatun ya zauna. Gobe ce ranar. Shi ya sa yau aka sa yara sharar fili da ƙona bola.

* * *

A gindin dalbejiya ta same ta. Yarinyar ta nisanci hayaƙin, ta zauna ta miƙe bayanta kamar yadda aka koya mata. Kafaɗunta na hawa suna sauka, ƙirjin yana fito, leɓɓanta sun yi fari fat.

"Inna..." Maganar ta maƙale.

Murjanatu ta juya ga malamin ajinsu. "Malam Jibrin, ina maganin ɗiyata?"

"Yana ofis. Makulli na ga Hedimasta, shi ko ya tahi Jega sayo ma baƙi lemu."

"Ku ɓalle ƙofar!"

Ya sunkuyar da kai. "Kayan gwamnati ne. Ina da iyali, Murjanatu."

Ta waiwaya. Idanun Umaima sun fara juyewa. Ta ɗauki fartanyar da aka yar a fili, ta sari kwaɗon ofis har ya faɗi, ta fasa kabad. Da ta dawo da maganin, ba ta ma san ta ina ake riƙe abin ba. Yarinyar ce ta karɓa, ta girgiza, ta kai baki, ta shaƙa sau biyu.

Murjanatu ta durƙusa tana salati, har numfashin ya soma saukowa a hankali.

* * *

Da la'asar Hedimasta ya yi sallama da Atiku, mijin Murjanatu, a zaure. Ya ce ko a mayar da maganin, ko maganar fasa ofis ta kai ga 'yan sanda. Kuma kada Umaima ta zo gobe, ta rame, za ta ɓata taro.

Atiku ya shigo bai iya kallon matarsa ba. Ya miƙa hannu. Ta daɗe tana kallon tafin nan kafin ta kwance bakin zanenta ta ba shi maganin.

Washegari da hantsi motar baƙi ta wuce ta ƙofar gidansu. Can sai muryoyin yara suka tashi suna rera darasin asma baki ɗaya, tafi ya biyo baya. Murjanatu ta tura ƙyauren ɗaki don ƙarar ta ragu, ta koma kan tabarma, ta ɗora kunnenta a ƙirjin Umaima tana saurare.