Taswirar Gangaren Shayi

Ranar da Neda ta kai kundin digirin digirgir ɗinta laburaren jami'a, bakinta ya ƙi rufuwa don murna. Shekaru ta kwashe tana hawa da sauka a duwatsun Rodopi, tana auna shayin dutse, wani tsiron daji da ake dafa ganyensa a sha, tana ɗebo ƙasar gindinsa a 'yan kwalabe, ga shi yau wahala ta ƙare. Abu ɗaya ya rage. Dokar jami'a ce kowane kundi ya shiga rumbunta na intanet, inda duk mai so, ko daga wace ƙasa, zai buɗe ya karanta kyauta.

Malama Velichka ce ke kula da rumbun, wata dattijuwa da ba a taɓa ganin ta cikin sauri ba. Ta bi shafukan a kwamfuta har ƙarshe, sannan ta ɗago.

"Wannan taswirar fa, har da ita za mu sa? Ana iya rufe ta a bar sauran a buɗe. Kowa ina tambayarsa haka."

Neda ta kwashe da dariya. "Haba Malama, wa ke karanta kundi? Ko malaman da suka jarraba ni, ban yarda sun wuce babi na biyu ba. A buɗe komai, don Allah."

Malama Velichka ta danna, aka buɗe komai.

To, taswirar nan ta wani gangare ce can saman ƙauyensu, bayan wani tsagin dutse da in ba ka san shi ba sai ka wuce shi sau goma. A sauran wurare 'yan kasuwa sun daɗe da ƙarar da shayin daji, sai na lambu ake samu, wanda tsofaffi ke cewa ruwan zafi ne kawai mai launi. Amma a gangaren nan yana nan kamar yadda Allah ya shuka shi. Mahaifinta, Baba Strahil, shi ya gaji sanin wurin daga tasa uwar. Da almakashi yake yanka, sama da gindi, sai fure ya buɗe, kuma duk inda ya yanki ɗaya sai ya bar na kusa da shi ya zubar da iri. Abin da zai ishe gida sanyin shekara yake ɗauka, ya rataya a rufin ɗaki ya bushe.

Shi ya kai Neda wurin tun tana 'yar ƙarama. Da ta girma ta ce a kansa za ta yi bincike, har jakar kayan awo ya riƙa ɗaukar mata yana mita. Ita kuwa da ta zo rubutu, ta san malamai ba sa karɓar "can bayan dutse". Dole a faɗi wuri daidai, yadda wani masani zai iya zuwa ya duba ko gaskiya aka faɗa. Haka aka koya mata, haka ta yi. Ta zana hanyar tun daga ƙarshen titin masu yankan katako, ta sa lambobin da waya ke bi ta kai mutum har gindin ganye. Aiki mai kyau, wallahi, ba wanda zai kushe shi.

A shafin rumbun akwai ɗan wurin da ke nuna sau nawa aka sauke kundi. Na abokan karatunta ya tsaya cak kamar jakin da ya ƙi tafiya, nata kuwa kullum sai hawa. Kafin ta sha kofi da safe sai ta leƙa. Har ta kira mahaifinta a waya.

"Baba, ana karanta ni! Har daga ƙasashen waje!"

"To, Dakta ta ganyaye, Allah ya ƙara ɗaukaka. Sun ce za su ba ki miji?"

"Kai Baba!"

"Ni dai ki zo kafin fure ya wuce. Gwiwata ba ta son hawa ni kaɗai."

Ko sau ɗaya ba ta tsaya ta tambayi kanta ba, yaushe masana suka yi yawa haka a duniya, har suke rububin kundi a kan ganyen shayi. Daɗi ya rufe mata ido.

Da rani ya tsaya ta shiga mota ta tafi gida. Da safe suka ci wainar dankali da kindirmo, Baba ya sa almakashinsa a aljihu, ya ɗauki sanda, suka kama hanya. Yana ta zuba, yana ba ta labarin akuyar maƙwabci da ta cinye masa wake. A ƙarshen titin katako maganar ta tsaya masa a baki. Sawun tayar babbar mota ne a cikin ciyawa, ba ɗaya ba, an shiga an fita, an sake shiga.

"Masu katako ne," in ji shi. Amma sai ya ƙara sauri, ya manta da gwiwar.

Neda tana biye da shi. Sawun ƙafafu bai yi dawurwura ba ko kaɗan, bai nemi hanya ba. Inda ta zana a karkata hagu, nan ya karkata. Inda ta zana a ratsa tsagin dutse, nan ya ratsa. Tun kafin su fita ɗaya gefen ta riga ta san abin da za su tarar.

Gangaren ya koma kamar kan da aka aske da dakusasshiyar reza. Ba yanka aka yi ba, tumɓukewa aka yi har saiwa, don ta fi sauri kuma ta fi nauyi a sikeli. Ramuka ko'ina, ga yagaggen buhu, ga robobin ruwa. Baba Strahil ya tsaya da sandarsa. Can ya sunkuya ya ɗauki wata saiwa da ta faɗi, ta bushe ƙayau, ya juya ta a hannu, ya nemi ramin da ta fito ya mayar da ita ya danna ƙasa da babban yatsa. Ya san ba za ta kama ba.

"Wani ya biyo ni," ya ce. "Tsufa ya sa na daina waiwaye. Wayyo, ni na kawo su."

Da ya zagi wani ne, da wataƙila ta yi shiru. Amma kansa yake zagi, wannan kuwa ba za ta iya ji ba.

"Ba kai ba ne, Baba. Yana cikin kundina."

"Me ke cikin kundinki?"

"Wurin. Na zana hanyar."

Ya dube ta kamar ta yi wani yare. "Kundin ai na malamanki ne. Ba a kabad suke kulle shi ba?"

"Da can ne. Yanzu a intanet ake sawa, kowa ya gani."

"Kowa?"

"Kowa, Baba."

Ya zauna a kan dutse a hankali. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ta fi samun sauƙi.

"Neda, ni fa ko surukina ban taɓa nuna wa ba, har ya mutu yana jin haushina."

Ta buɗe baki za ta ce ai ita ma ba ta gaya wa kowa ba, rubutawa kawai ta yi. Sai ta ji yadda maganar za ta fito, ta haɗiye ta. Suka sauko, almakashi bai fita daga aljihu ba.

Tana komawa birni ta wuce laburare. Malama Velichka ba ta tambaye ta dalili ba, ta danna, taswira ta rufu, abin bai ɗauki lokacin shan ruwa ba. Wannan saurin ya fi komai ƙona wa Neda rai. Waɗanda suka sauke kuwa sun riga sun sauke, tana cikin wayoyinsu. Ta rubuta wa hukumar gandun daji, aka ce za a duba. Ta samo iri ta koma a lokacin kaka ta watsa a gangaren ita kaɗai, ruwan sama ya wanke rabinsa, don ba saiwar da za ta riƙe ƙasa.

Baba bai yi fushi da ita ba, ko kuma bai nuna ba. Yana ɗaukar wayarta, yana tambayar aiki, yana aiko mata da wake da zuma ta hannun direban bas. Sai ta fara gaya wa kanta cewa abin ya wuce.

Da sanyi ya shigo ta je masa hutu. Dusar ƙanƙara ta rufe tsakar gida, ya hura murhu, ya ɗora tukunya. Da ya miƙo mata kofin, ƙamshin ya bugi hancinta, ta tsaya. Wannan ba na lambu ba ne. Ta ɗaga kai, ga 'yan ɗauri biyu na shayin dutse rataye a rufi, furanninsu rawaya, yankan almakashi, na bana. Farin ciki ya kama ta har hawaye ya cika mata ido. Ashe akwai saura! Ashe bai ƙare duka ba!

"Baba! A ina ka samo wannan?"

"A dutse."

"Wane wuri? Ta gabas? Yana da yawa?"

Baba Strahil ya buɗe ƙofar murhu, ya tura itace, ya gyara shi da kyau, ya daɗe yana gyarawa. Sannan ya rufe, ya goge hannu a wando, ya dubi 'yarsa da idon tausayi.

"Sha, 'yata," ya ce, "kar ya huce."