Makullin da Ba na Ƙofa Ba

Andrawus mai yankan makulli ba shi da yawan magana, amma ranar da ya buɗe baki, sai ka ce da ma bai buɗe ba. Shekara ashirin da biyu yana kan benci ɗaya a bakin kasuwar Minna, da ɗan teburinsa da magagarai da tarin makullai a zare da waya. Kawo masa kwaɗo ko wane iri, sau biyu zai juya shi ya gaya maka abin da ke damunsa. Mutum ne dai bai iya dubawa ya gane ba, ko da kuwa ɗan cikinsa ne.

Ɗan nasa Yona ne, shekara goma sha tara, siriri, idanu jawur wani lokaci, wani lokaci ruwan ɗorawa, saboda ciwon sikila da aka haife shi da shi. In ciwon ya tashi sai ya kwana uku yana murƙususu, in ya lafa kuma sai ka neme shi ka rasa. Yana ina? Yana Sabon Gari, shagon wani Gaiya, inda samari ke taruwa gaban talabijin suna buga gem. Wanda Yona ya nace wa kuwa ba na ƙwallo ba ne, ba na dambe ba ne, wani ne da aka ce gawawwaki ke tashi suna bin mutum. Andrawus, dattijon coci, da ya ji haka sai da ya tofar da yawu.

Wata Laraba cikin watan Agusta na 1998, Yona ya zo teburin uban da wata takarda da ya yago daga littafin makaranta. Ya zana makulli a jiki da fensir, ya yi rubutu a ƙasa don kada ya manta: Wane kwaɗo wannan yake buɗewa?

"Baba, don Allah duba mini. Sati biyu ke nan ina gwada shi a kowace ƙofa, ya ƙi."

Andrawus ya kalli zanen, kallo ɗaya.

"A ina ka gan shi?"

"A cikin gem ne, Baba."

Kai, da ma yaron ya yi ƙarya! Andrawus ya ɗaga murya har mai sayar da lemo na gefe ta juyo. Ya ce shi ƙofofin masu rai yake buɗewa, bai haɗa hanya da na matattu ba. Ya ce mai ƙarfin zuwa Sabon Gari kullum yana da ƙarfin zuwa gona, don haka gobe ya shirya ya tafi Gwada ya taya baffansa haƙar doya. Yona ya juya ya tafi. Ya bar takardar a kan tebur, uban ya ɗaga ta ya danne da kwaɗo don kada iska ta kai ta kan kayan mutane.

A Gwada ruwan sama ya doki Yona a gona tun daga hantsi har azahar. Ciwon ya tashi, bayan kwana biyu aka kawo shi Minna a bayan a-kori-kura. Kwana huɗu a asibiti, ya cika.

Hannah, uwar yaron, ba ta taɓa ce wa mijinta kai ne ba. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Takardar kuwa ta koma aljihun rigarsa, in aka wanke wannan rigar ya mayar da ita waccan.

Bayan sati shida wani mutum mai kimanin shekara talatin ya tsaya gaban teburin, ya rusuna ya gaishe shi.

"Baba, ni ne Gaiya mai shago. Na zo jana'iza, ban dai iya ƙarasowa wurinka ba."

Andrawus bai ɗaga kai daga makullin da yake gogewa ba. Gaiya ya ajiye wani ɗan abu na roba mai launin toka, bai kai kwalin ashana ba, an manna masa filasta an rubuta YONA.

"Katinsa ne. A ciki yake ajiye inda ya tsaya. Ran Asabar zan kwashe kayan in koma Abuja, na ce bai kamata in tafi da abin da ba nawa ba."

"Inda ya tsaya," in ji Andrawus, kamar mai tauna kalmar. "Yana nan har yanzu?"

"Yana nan, Baba, ba wanda ya taɓa."

Ran Juma'a da rana tsaka, lokacin da rabin garin ya tafi masallaci, Andrawus ya rufe teburinsa da buhu ya nufi Sabon Gari. Shagon ɗaki ɗaya ne, an rufe tagarsa da baƙin yadi, janareto na ƙugi a baya. Gaiya ya kori samari biyu da ya tarar, ya share benci da hannunsa, ya soka katin a jikin na'urar gem ɗin.

Andrawus ya shirya ganin abin ƙyama. Sai ga wani ɗan ɗaki a talabijin, da kyandir ɗaya, da akwati, da littafi a buɗe kan tebur, ga wani kiɗa mai sanyi yana tashi a hankali kamar wanda ake sawa a coci lokacin karɓar jibin Ubangiji. A tsakiyar ɗakin wani ramammen mutum ne tsaye cikin kwat, dafe da haƙarƙarinsa, kafaɗunsa na hawa da sauka.

"Wannan shi ne sojan?"

"Ba soja ba ne, Baba. Wani bawan Allah ne ya shiga tsohon otal neman ƙanwarsa, aka kulle shi ciki. Ba ya iya dambe, gudunsa ma ba wani ba ne. Aljihunsa abu shida kawai yake ɗauka. Nan ɗakin ne kaɗai abubuwan ba sa shigowa."

"Me ya sa ya dafe gefe?"

"Ya ji ciwo. Haka Yona yake barinsa. Akwai magani a akwatin can, kwalba tara ya tara, amma ba ya ba shi sai ya ga ya kusa faɗuwa. Yakan ce ciwon da kake iya tafiya da shi ba a ɓata masa magani."

Andrawus ya san maganar. Ya sha jin ta daga ɗakin yaron, in uwar ta miƙa masa ƙwaya.

"To ni abin da ban gane ba," ya ce, "mutum ya biya kuɗinsa don a tsorata shi? Tsoron duniya bai ishe ku ba?"

Gaiya ya sosa ƙeya. "Na taɓa tambayarsa. Sauran yaran suna son wanda za ka yi ta harbi ba iyaka, shi kuwa sai wannan, da harsashi ma sai an ƙirga. Ya ce mini, Oga Gaiya, nan in ka ji tsoro ka san daga wace ƙofa yake zuwa. Nawa na gida ba ya ƙwanƙwasawa."



Gaiya ya danna wani maɓalli, kayan aljihun mutumin suka bayyana: bindiga da harsashi biyu, tocila, tsinken ashana ɗaya, sai makullin. Ga shi nan yana juyawa a hankali, kansa mai fiffike biyu, ba shi da haƙori ko ɗaya, bakinsa rami mai kusurwa huɗu. A ƙarƙashinsa akwai rubutu, amma na Japan ne, haka faifan ya zo daga Legas, ba wanda ya iya karantawa a duk Sabon Gari.

"A nan kowa ya maƙale," in ji Gaiya. "Ƙofa goma sha ɗaya, babu wadda ba mu gwada ba."

"Akwai agogo a gidan?"

"Agogo?"

"Babban agogon bango, irin mai tsayin mutum."

Gaiya ya yi tsai. "Akwai ɗaya a ƙarshen dogon lungun can. Amma ba mai tsayawa wurin, Baba, abubuwan uku ne a lungun."

"Ba ni abin."

Hannun da ya shekara ashirin da biyu yana riƙe magagari bai san kan wannan robar mai maɓallai ba. Ya danna gaba, mutumin ya juya ya kama bango. Ya danna hagu, ya yi ta zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke. Gaiya bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya dai riƙa cewa, nan, Baba, a hankali, har mutumin ya kai bakin ƙofa. Allon ya yi baƙi, ƙofar ta buɗe da wani dogon kuka na hinjin da bai ga mai ba, kiɗan ya ɗauke.

Lungun ba ka ganin ƙarshensa. Ba ka ma ganin abin da ke gaban mutumin, sai dai ka ji: jan ƙafa, jan ƙafa, da wani nishi. Andrawus ya ji gashin jikinsa ya tashi, shi da ya wanke gawa ba sau ɗaya ba. Abin ya fito daga gefen da bai zata ba. Ya saki harsashin nan biyu a bango, aka cafke mutumin a wuya, allon ya yi ja.

"Ya mutu?"

"Ya mutu, Baba. Sai mu koma inda Yona ya ajiye."

Suka koma ɗakin kyandir. Mutumin na tsaye dafe da haƙarƙari, kamar ba abin da ya faru. Andrawus ya daɗe yana kallon wannan, shi kuwa nasa ɗan bai dawo ba.

Sau biyar yana mutuwa a lungun. A na shida Gaiya ya ce, "Baba, ka bar faɗa da su. Yona ba ya harbi a nan. Yakan tsaya sai na farkon ya miƙo hannu, sannan ya raɓa ta damansa. Shi ya fi kowa iyawa a shagon nan, wallahi, har daga unguwar Barkin Sale ake zuwa kallonsa."

Ana zuwa kallonsa! Yaron da ya kira rago a gaban mai lemo.

Ya tsaya. Zufa na bin bayansa. Na farkon ya miƙo hannu, ya raɓa. Na biyun ya yage shi a kafaɗa, mutumin ya soma ɗingishi, yana jan ƙafa ɗaya, amma bai faɗi ba. Na ukun yana baya yana nishi sa'ad da agogon ya bayyana, dogo, baƙi, hannayensa a tsaye cak.

"Yanzu, Baba! Makullin!"

Ya danna. Mutumin ya buɗe gilashin, ya soka makullin a fuskar agogon, ya wana shi sau uku. Agogon ya buga. Bangon da ke bayansa ya ja gefe, ga matakala tana hawa sama, da ɗan haske a ƙarshenta. Mutumin ya shige, bangon ya rufe, kiɗan nan mai sanyi ya dawo. Wani ɗakin kyandir ne, da nasa littafin.

Gaiya ya dafe kai da hannu biyu. "Yesu! Wata biyu muna fama! Baba, yaya aka yi ka gane?"

"Ba shi da haƙori. Makullin da ba haƙori ba ya buɗe kwaɗo, na wana agogo ne. Ko ɗan koyo ya sani." Ya ajiye robar a kan cinyarsa. "Tun ranar da ya kawo mini takardar na gane. Kallo ɗaya na yi mata."

Gaiya ya sunkuyar da kai. Can ya ce, a hankali, "Saura ashana ɗaya. In aka kunna kyandirin aka rubuta a littafi, nan zai zama wurin ajiya. Amma katin wuri ɗaya gare shi, Baba. In mun ajiye naka, nasa zai goge."

Andrawus ya kalli matakalar da ɗansa bai taɓa gani ba. Ya kalli katin da filastarsa.

"Kashe," ya ce. "Nasa ne. Ni amsa kawai na kawo."

Allon ya mutu. Gaiya ya zare katin ya miƙa masa da hannu biyu. Andrawus ya laluba aljihu ya fito da takardar, ta yi laushi don ninki, ya shimfiɗa ta a kan gwiwarsa. Ya roƙi aron biro. A ƙarƙashin tambayar yaron, da rubutunsa na ɗan aji huɗu, yana danna kowane harafi har biron na neman huda takardar, ya rubuta: Na agogo ne, ɗana.

Sai a lokacin kukan ya zo masa, wanda bai zo ba a asibiti, bai zo ba a bakin kabari. Gaiya ya fita ya kashe janareto, ya tsaya a bakin ƙofa yana ce wa samarin da suka fara dawowa yau an rufe.