Ƙwai Ba Shi da Banɗaki

"Ba zan zubar ba, Farfesa."

Tana faɗa ta tare ƙofar firij da jikinta. A ciki akwai ƙananan kwalaben ruwan da ta zuƙo daga ƙwan da ta ɗura wa wani magani don gwaji, wato fitsarin da ɗan tsako ke tarawa a wata 'yar jaka tun bai ƙyanƙyashe ba.

Farfesa, mai duba aikin digirinta, ya zare tabarau. "Ke, hantar ɗan tsakon na ce ki auna. Hanta ta narka maganin, magana ta ƙare. Wa ya aike ki wajen fitsari?"

"Ta narka shi, amma ina ya tafi? Kaza takan yi kashi ta huta. Ƙwai ba shi da banɗaki, ranka ya daɗe. Yana nan cikin ɓawo, har wani yana komawa jinin ɗan tsakon."

Abin haushin, ya sani. Shi ya koya musu a aji. Sai dai ya riga ya bugi ƙirji gaban taro cewa maganin ba ya daɗewa a ƙwai, ga kwalabenta sun zo suna ƙaryata shi.

"Ki zubar, in sa hannu, ki gama tare da 'yan ajinku."

Ta tuna watannin da ta yi tana huda ɓawo da allura, tana ɗura magani, tana liƙewa, tana haska kowane ƙwai da fitila don ganin jijiyoyi. Wanda ya ruɓe ya fashe mata a riga, har a motar haya ana toshe hanci. Duk wannan ta bi da shi rariya? Ta ja tsaki a zuci, ta kulle firij.

A gida ma ba ta tsira ba.

"Uwar kaji," in ji yayarta, "mutane na faɗa a kan gado, ke kina yi a kan fitsarin tsako! Ki zubar mana. Tsakon ƙara zai kai ki?"

"Yaya, sunana ne zai hau takardar."

"To, ki jiƙa sunan ki sha."

Farfesa bai sa hannu ba. 'Yan ajinta suka sa rigar yaye, tana kallo ta tagar ɗakin gwaji. Sabon malamin da aka ba ta ya ce sai ta sake komai da sababbin ƙwai. Shekara guda ta tafi, gurbin ƙarin karatun da ke jiranta aka ba wani. Kwalaben suna nan a firij, ko ɗigo bai zube ba.