Kabad Ɗin Inna Ya Ƙi Fita

Ranar da za mu ɗauke Inna daga tsohon gidanmu na Ƙofar Durɓi, komai ya fita lafiya sai kabad. Baba ya rasu, ta gama takaba, ginin ƙasa kuma damina ta ci ƙarfinsa, shi ya sa yayana Babaji ya ce ta koma wajensa. Ta yarda, amma ta ce ƙafarta ƙafar kabad ɗinta.

Tun ina rarrafe na san kabad ɗin nan. Baba kafinta ne, shi ya yi shi lokacin aurensu, da katakon wani ƙaton teburin Turawa da mahaifin Inna ya saya a gwanjo. Ok ake ce wa icen, in ji Baba. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Ya sassaƙa furanni a kan murafen, Inna ta jera kwanukanta a ciki, duk Juma'a sai ta goge shi. Har yau idan na buɗe shi, ƙamshin turaren wutarta ne ke tarbata, sai kewar ƙuruciya ta kama ni.

Ƙartin da muka ɗauko suka juya shi ta nan, suka kwantar da shi ta can, ƙofar ɗaki ta ce ba ta san zancen ba. Babaji, uban gaggawa, ya ce a kawo zarto a raba shi biyu. Na ce sai dai a fara da ni. Inna ta zauna ta jingina bayanta da kabad ɗin.

Sai na tafi Ƙofar Ƙaura na ɗauko Malam Sada, abokin aikin Baba, wanda tsufa ya raba da guduma. Suka gaisa da Inna, suka yi wa Baba addu'a. Ya shafa gefen kabad ɗin, sai ya fashe da dariya.

"Hajo, ai ba ta ƙofa ya shigo ba. Cikin ɗakin nan muka haɗa shi, ni da marigayi Shehu, kahin a kawo ki."

"Don mi?" in ji Inna.

"Na ce mashi ya hi ƙofar nan faɗi. Ya ce ya sani. Ya ce Hajo akwai zuciya. Ran da ta yi hushi aka zo kwasar kayan ɗakinta, in kabad ya ƙi hita, ita ma dole ta zauna."

Inna ta rufe baki da mayafi. Ashe an taɓa yi. Ta ce kafin a haife mu, gwaggonninta sun zo kwasar kaya, suka yi ta fama da kabad har la'asar. Kafin su gaji zuciyarta ta huce, ta tashi ta ɗora musu tuwo.

"Babanku yana tsaye yana kallonsu, har da ba su shawara," ta ce. Tana dariya, hawaye na zuba. Ni ma na kasa riƙe nawa.

Malam Sada ya ce da turakun ice aka ɗaure shi, ya san inda kowanne yake. Zai iya kwance shi, a haɗa a gidan Babaji ba tare da an ji masa ciwo ba. "Amma sai kin ba da izini. Don ke aka kulle shi."

Inna ta daɗe tana bin furannin da yatsa.

"Kwance shi, Malam Sada," ta ce. "Ni dai na zauna. Shi ne ya riga ni hita."