Akwatin Auta

Jikata 'Yar Gilashi, ɗiyar babbar 'yata, kamfaninsu ya tura ta kwas. Firji suke sayarwa suna gyarawa, kuma autana, wato kawunta, shi ya yi mata hanyar aikin. Na tambaye ta me aka koya musu. Ta ce zana yadda aiki yake tafiya daga hannu zuwa hannu, a gano inda yake maƙalewa. Na ce mu tun muna 'yan mata muke yi wa gidajen maƙwabta haka, ba wanda ya ba mu satifiket.

Ranar Asabar da hantsi ta shigo ɗakina da wata ƙatuwar takarda, ta ture kwalaben maganina, ta shimfiɗa ta a kan tebur. Duk akwatuna ne da kibiyoyi.

"Nan mai firji yake kawo kuka, Kaka. Nan ake ɗaukar bayaninsa. Nan masu gyara."

"Wannan da kika zagaye da ja fa?"

"Nan ake sa hannu cewa garanti bai ƙare ba. Kwamfuta ta riga ta duba tun a ƙofa. Takarda shiga kawai take yi, ta kwana, ta fito yadda ta shiga."

"Wa yake zaune a ciki?"

Ta cire gilashi ta hau gogewa da bakin riga. Ban sake tambaya ba. Auta ne.

Ranar Litinin za ta kai wa manaja zanen. In ta bar jan nan, teburin kawunta ya tafi. In ta goge, ta buɗe sabon aikinta da ƙarya.

"Malaminmu ya ce akwati aiki ne, ba mutum ba," in ji ta.

"Malamin naku yana da kawu?"

Ta yi 'yar dariya, ta matso tana matsa min ƙafa, abin da ba ta taɓa yi a banza.

"Gobe Kawu zai zo gaishe ki. Ke kuwa magana ba ta kwana a bakinki."

Lallai yarinyar ta yi karatu, ta gano hanya mafi sauri a danginmu. Bakin nawa ma har ya fara ƙaiƙayi. Amma na tuna yadda Auta yake goge takalminsa kullum da safe saboda teburin nan.

"Tsegumi nake dako, 'yar nan. Wannan ya fi ƙarfin wuyana. Ki kai da bakinki."

Da Auta ya zo, na ce zan leƙa maƙwabciya, na fita na bar ƙofa a ɗan buɗe. Na ji muryarta ƙasa-ƙasa tana bin kibiyoyin. Ina laɓe a bayan ƙofa har ƙafata ta fara sagewa.

"Manaja ya gani?" in ji shi.

"A'a, Kawu."

"Kar ki goge. Na jima ina sa hannu ba tare da na karanta ba. Na dai zaci baƙo za su kawo ya faɗa."

Ya fito bai taɓa shayinsa ba, ya tarar da ni a bayan ƙofa ina neman takalmin da yake ƙafata.

"Mama, kin ji duka ko?"

"Kunnen nan ya yi nauyi, Auta."

"To, kar matata ta ji daga wajenki. Ni zan gaya mata."

Na ce to. Ya sauka daga bene a hankali, yana riƙe da ƙarfen gefe.