Sandunan Ƙarshe na Baba Kafinta

"Riƙe zarton nan da kyau, Tela, ba almakashi ba ne," in ji Baba Kafinta daga kan kujerar da muka fito masa da ita ƙofar shagonsa. Muryarsa ta shige ciki, amma bakin yana nan yadda na san shi a shekara ashirin da shagona na ɗinki ya yi jikin nasa.

Ni ba na son wasa a kan aiki, kuma ranar ban ga abin dariya ba. Likita ya sallamo Baba daga asibiti, ya ce wa Mama, matarsa, a kai shi gida a ba shi duk abin da ransa ke so. Kowa ya san ma'anar wannan. Shi kuwa bai nemi nama ba, bai nemi lemo ba. Sandunan dogarawa guda biyu yake so a gama.

Da kujeru da ƙofofi Baba ya ciyar da iyalinsa, amma duk Asabar yakan ture aikin kasuwa gefe, ya sassaƙa wa waɗanda suka rasa ƙafa sanduna, kyauta. Yakan ce Ubangijinsa ma kafinta ne, ya kuma tayar da guragu da magana. Shi da ba a ba shi wannan iko ba, sai ya gwada da katako. Na san mutane a majami'armu da in suka fara addu'a sai rufin ya girgiza, amma ba su taɓa ɗauke wa kowa ko bokitin ruwa ba. Baba a bencin baya yake zama, wani lokaci har da gyangyaɗi.

Sandunan na Maman Tagwaye ne, maƙwabciyarmu ta tsallaken titi. Ciwon suga ya sa aka yanke mata ƙafar hagu daga gwiwa, kuma wata huɗu ke nan ba ta leƙo waje ba. Fasto ya je, matan majami'a sun je da waƙa, ta juya musu baya. Sandunan ƙarfe da aka ba ta a asibiti ta cusa su ƙarƙashin gado, wai suna yanka mata hamata. Baba ya ce shi ba inda za shi sai ya gan ta tsaye. Matsalar ita ce hannunsa ba ya iya ɗaga ko guduma, shi ya sa ya aro nawa.

Ni ya aika in yi awo: daga hamata zuwa diddige, a rage yatsu uku. Da na shiga da tef a wuya, ta dube ni a yatsine.

"Likkafani aka turo ka ka auna?"

"Wanda ya fi ki kusa da likkafani ne ya turo ni," na ce. "Miƙe hannu."

Ta miƙe.

Kwana uku muka yi a kai. Yana nuna mini inda zan huda, ina hudawa. In na karkace, ya ce in cire in sake. Na yanko roba daga tsohuwar taya na ɗaura a ƙasa, na naɗe soso a sama na ɗinke shi da yadi mai kauri. Wannan kaɗai ne bai yi mini gyara a kai ba.

Ranar Laraba na kai mata. Mijinta, wanda direba ne, ya ɗaga ta, muka zura mata su. Sai ga kafaɗunta sun haye har kunne, ƙafar da ta rage tana lilo, babban yatsa kaɗai ke shafar ƙasa. Ta rataye a tsakiyarmu kamar rigar da aka shanya. Ta dubi ƙafar, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har da hawaye. Mijin ya tsaya baki buɗe, don rabonsa da jin wannan dariya tun kafin asibiti.

Na dawo da sandunan raina a ɓace. Baba ya shafa su da tafin hannu, ya tambaye ni nawa na ƙara. Na ce ban ƙara komai ba, ni ba na kuskuren awo. Ina rufe baki na tuna. Tela ba ya yanka yadi daidai awo, sai ya bar ƙari saboda ɗinki. Shekara talatin hannuna yana haka, ya yi mini shi a kan katako ban sani ba.

"Inci biyu," na ce.

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Mama ta fito da ruwa tana yi mana faɗa cewa za mu ƙarasa mata miji kafin lokacinsa. Da ya samu numfashi ya ce mu gode wa Allah tela ya aika ba mahauci ba, da yanzu sai dai a ba tagwayen su yi wasa. Na rage inci biyun, na mayar da robar. Zan ɗauka in tsallaka ya tsayar da ni.

"Kai mata, amma ka gaya mata aikina ba ya ƙarewa sai na duba shi a jikin mai shi. Ni ba zan iya zuwa ba. Ita ta san inda nake."

Na gaya mata haka, ban sassauta ko kalma ɗaya ba. Ta ce tsohon nan mugu ne.

Washegari da hantsi ina kan keken ɗinki na ji titi ya yi tsit. Na leƙa. Ga ta a bakin ƙofarta, ɗaure da sabon zane, mijinta a baya ya ware hannuwa. Taku ashirin ne tsakanin gidanta da shagon Baba, amma ta huta sau uku. Mai gyaran babur ya tare hanya da kansa, ba wanda ya sa shi. Da ta iso, gumi ya jiƙe mata wuya.

"Ga ni, Baba. Duba aikin yaronka."

Yaro, da furfurata.

Baba ya ɗaga hannu da ƙyar, ya zura yatsu uku tsakanin hamatarta da soson. Suka shiga cif.

"Daidai," ya ce. Ya jingina kai, ya roƙi Mama ta yi mana waƙa, duka muka kama, har ni da ba ni da murya.

Ranar Asabar kafin tsakar rana ya cika, Mama tana riƙe da hannunsa. A majami'a ranar binnewa, bencinan baya duk masu sanduna ne, maza da mata, yawancinsu ban taɓa ganinsu ba, wasu ma ba addininmu ɗaya ba. Da aka ce a miƙe, sai da aka ɗan jira su.

Da yamma, bayan mutane sun watse, na fito zan rufe shago. Maman Tagwaye tana ƙofar shagon Baba, ta dogara da sanda ɗaya, tana share garin katako da doguwar tsintsiya a ɗaya hannun. A hankali take yi. Duk inda ta share ta wuce, robar sandar tana barin ɗan zagaye a ƙasa.